Gwangwanin Yaya Hajo

Na san abin da aka gaya muku a garinmu ranar da kuka je zaman makokin gwaggonku Hajo. Ba ku faɗa mini ba, amma na ga yadda kuka dawo kuna gaishe ni kamar baƙo. An ce muku ubanku ne ya rufe gidan likitan garin da hannunsa, yana zaune a Yamai cikin inuwa, alhali yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya ita ce ungozomar wurin. To, ba a yi muku ƙarya ba. Sai dai ba a gaya muku duka ba, ni ma da nake cikin abin ban gama gane shi ba har yau, ga shi kaina ya yi fari fat. Zan rubuta yadda aka yi ku karanta. In kun gano abin da ya kamata in yi, ku zo ku faɗa mini tun ina da rai.

A shekarar da soja suka karɓi mulki, lokacin fari ya riga ya cinye damina bayan damina, ina ƙaramin ma'aikaci a wani biro na gwamnati, ɗaki guda mai tebur huɗu da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Aikinmu in aka faɗa wa mutum sai ya ɗauka ƴan duba ne mu. Mu ne za mu ce arzikin ƙasa zai ƙaru ko zai ragu a shekara mai zuwa, da wannan ƙiyasin ake yanke abin da za a ware wa lafiyar jama'a, sannan mu raba shi tsakanin gidajen likita na ƙauyuka. Ƙasar ga ta da faɗi, mutanenta kaɗan, kuma babu wanda ya san abin da take samarwa. Manomi ba ya auna geronsa a gaban kowa, makiyayi kuwa ka tambaye shi yawan shanunsa ka zama abokin gaba.

Shugabana, Mushe Gado, wato Malam Gado a bakin masu Faransanci, Bazabarme ne haifaffen Yamai, dattijo mai tsabta da ke goge tabaronsa kafin ya yi kowace magana. Hausarsa ta kasuwa ce, da ita yake yi mini faɗa, da Faransanci kuma yake yaba mini, abin da bai wuce sau uku ba. Shi ya koya mini dabarar da ya gada daga waɗanda suka riga shi. Tun da ba a iya ƙirga dabbobin ƙasa, sai a dubi fatun da suka bi ta hannun ƴan duwan, wato kwastan, a kan iyaka, da dabbobin da aka yanka a mayankar birni. In fata ta yi yawa bana, garke ya yi yawa ke nan, mutane sun samu, baɗi haraji zai shigo. Ya yarda da fata fiye da yadda ya yarda da mutane, don ita ɗan duwan yana taɓa ta da hannu kafin ya rubuta. Ta wajen lafiya kuma kowane gidan likita yana da kaye, babban littafin da majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, yake rubuta sunan duk wanda ya zo. Ƙarshen shekara a aiko mana da kayen da hatimi a kai. Inda sunaye suka yi yawa a ƙara magani, inda suka yi kaɗan ƙwarai a rufe a haɗe shi da na wani gari. Shekara da shekaru dabarar tana ci, har ni ma ina koya wa sababbin zuwa ina hura hanci.

Abin ya fara ɗaure mini kai ne daga tukunyar gidanmu. Muna haya a unguwar Mawre, ɗaki biyu, mahaifiyarku Rakiya tana goyon Sani, Hadiza tana tatata. A da albashina ba ya kai mu ga nama sai ranar Juma'a, amma a shekarar nan kullum sai mun ci, har Rakiya ta fara yanyana shi tana shanyawa a kan igiya don ta rasa yadda za ta yi da shi. Gero kuwa ya fi ƙarfinmu. Ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin yunwar da ake ƙoshi da nama ba. In na bi ta unguwar Kalle da safe sai in ga manyan motoci, kamiyo bayan kamiyo, shaƙe da fata, wari ya cika titi, dillalai suna ta raha. Makiyayan da suka kawo dabbobin suna zaune a gefe. Kowa ya san abin da ake ciki. Saniya ce take shirin faɗuwa, mai ita ya sayar da ita a kuɗin akuya kafin ta mutu a hannunsa.

Da takardu suka iso sai suka ce sam ba haka ba. Fata ta yi yawan da ba a taɓa gani ba, yanka ma haka. Na bi dabarar Mushe Gado layi layi, ta ba ni cewa arziki zai ƙaru baɗi. Na sake, na ƙara sakewa, har na ari na'urar lissafin maƙwabcina ko tawa ce ta sami taɓin hankali. Sannan kayen gidajen likita suka zo, na ƙauyukan arewa duk sun rame, don mutane sun watse sun bar garuruwansu. Na ce to, ai sai in same su a kayen birni, tun da ga su can sun kafa bukkoki a bakin gari. Ba su nan. Kayen birni yana da gurbin unguwa da na lambar gida, wanda ya fito daga daji kuwa ba shi da ko ɗaya, sai a ba shi magani a sallame shi ba a rubuta ba. Ga ni zaune da takardu iri biyu masu hatimi, ɗaya ta ce mun yi arziki, ɗaya ta ce mun warke, ta taga kuma ina hangen wata mata tana tsintar hatsin da ya zube daga motar agaji.

Na ɗauki takardun na je gaban Mushe Gado.

"Mushe, shanun nan fa mutuwa suke yi. Ba ƙaruwa ba ce."

Ya cire tabaro ya goge. "Na sani, Isufu. Ina da ido. Ina takarda da ya ce sun mutu?"

Babu ita. Saniyar da ta faɗi a daji ba ta bi ta gaban ɗan duwan.

Wataƙila da an bar mu mu kaɗai da mun lanƙwasa lissafin ya dace da abin da ido ke gani, don a da akan yi haka ba wanda ya tanka. Amma soja sun turo mana wani kapitan, saurayi siriri da ba ya zama in an ba shi kujera. Kada ku ɗauka mugu ne, da mugu ne da na sami wanda zan ɗora wa laifi in huta. Ranar da ya fara zuwa ya ce mutanen da aka tumɓuke sun ɓoye yunwa, suna zaune suna fiddo lambobi daga kawunansu, shi ya sa talaka ya mutu. Daga yau kowace lamba sai da takarda mai hatimi a bayanta, wanda ya rubuta abin da ba shi da takarda zai gamu da shi. Na ji daɗin maganar, wallahi, har na so in tafa. Bayan mako biyu aka kama wani magatakarda a ɗakin da ke kusa da namu, an ce ya ƙara sunayen ƴan garinsu a takardar rabon hatsi. Aka aske masa kai a tsakar ma'aikata muna kallo, aka sa shi a mota, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan shekaru. Daga nan na daina gane komai. An ce in faɗi gaskiya, an ce in bi takarda, ni kuma na ɗauka duk rayuwata abu ɗaya ne.

Cikin kayen da suka zo har da na garinmu. Na buɗe na ga rubutun majo har zuwa watan azumi, daga nan shafuka farare tas har bango. Bisa ƙa'ida gidan likitanmu ya shiga sahun waɗanda za a rufe, kuma ni ne mai rubuta sahun. Na aika wa Yaya Hajo da saƙo ta hannun wani direba ɗan garinmu, na ce a tambaye ta ko garin ya tashi ne gaba ɗaya. Kapitan ya ce ranar Alhamis yake son takardarmu, don baƙi masu ba da agaji suna tafe. Ranar Talata da hantsi sai ga Hajo da kanta a ƙofar gida. A saman kamiyon fata ta zo, kwana biyu, tana wari har Hadiza ta gudu ta ɓuya. Ku da kuka san ta tsohuwa ba ku san ta ba. Doguwa ce, mai ƙashi, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ban taɓa jin ta maimaita magana ba. Ba ta sha ruwan da aka ba ta ba sai da ta kwance ƙunshinta ta ajiye wani babban gwangwanin madarar agaji a gabana. Na buɗe na ga ƙwallayen aduwa, an tsotse su fes, sun kusa cika shi.

"Majo ya tahi tun azumi, ya ɗauke kaye ya tahi da shi," in ji ta. "Tsohhi da masu ciki ba su iya tahiya, suna nan. Ni ko ban iya rubutu ba. Kowa yaz zo na ba shi magani, sai in jefa ƙwallo guda. Ga su nan, Auta. Ka kai ma manyanku."

Na ce mata manyanmu ba sa karanta aduwa. Ta dube ni kamar na yi tusa a masallaci, ta ce to in ɗauko alƙalami, ai ta san sunan kowa.

Washegari na je Kalle na sayo sabon kaye irin na gwamnati. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, ta zube ƙwallayen a kan tabarma, tana ɗaukar ɗaya tana faɗin suna da ciwo tana mayarwa cikin gwangwani. Gida gida take bi a kanta, daga gabas da rijiya zuwa yamma. Wance matar wane, zawo. Wane makaho, gyambo a ƙafa. Rabinsu na san su, wasu sun ba ni fura ina yaro. Na cika shafi ɗaya, na biyu, na shiga na huɗu, sai na tsaya ina kallon abin da nake yi. Rubutuna ne, wanda kapitan ke gani kullum a kan teburinsa. Tawada ɗanya, littafi sabo, ba hatimi, sunayen ƴan garinmu, kwana ɗaya kafin a rufe. Daidai abin da aka aske wa wancan magatakarda kai a kansa ke nan, bambancin kawai nawa gaskiya ne. Sai kuma na ce a raina, wa ya gaya mini nasa ba gaskiya ba ne? Na ajiye alƙalamin. Hajo tana riƙe da ƙwallo tana jira, Rakiya ta leƙo daga madafa ta ce in rubuta mana, Allah na nan. Na ce kaina ke ciwo, zan ƙarasa a biro. Hajo ta tattara sauran ta zuba ta rufe.

Ranar Alhamis na tafi da gwangwanin da kayen cikin jakar buhu. Kafin kapitan ya iso na nuna wa Mushe Gado. Ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa, ya karanta shafukana huɗu har ƙarshe, ya daɗe yana goge tabaro. Na ga idonsa ya yi ja. Ya ce shi bai hana ni ba, kuma bai sa ni ba, saura wata takwas ya ajiye aiki. Sannan ya tura mini kayen majo mai fararen shafuka.

"Wannan ƙarya ne, amma yana da hatimi. Naka gaskiya ne, ba hatimi. Kana da yara biyu, Isufu. Ni ban sani ba."

Ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba sai ranar, kuma wannan ya fi aske kan magatakarda tsorata ni.

Kapitan ya shigo ya tsaya a gaban teburina. Gwangwanin yana ƙasa tsakanin ƙafafuna, ina jin sanyinsa a idon sawuna. Ya duba ƙiyasin arzikin, ya ɗaga gira, ya tambaya ko kowace lamba tana da takarda. Na ce tana da ita. Ya duba sahun gidajen likitan da za a rufe, yatsansa ya bi ta kan sunan garinmu ya wuce. Ya tambaye ni ko akwai wani abin da ya kamata ya sani. Na sha maimaita wannan lokacin a kaina fiye da yadda na maimaita ranar aurena. Ban yanke shawarar yin shiru ba, ina cikin auna maganar ne, in ce gwangwani ko in ce kaye, in fara da majo ko in fara da fata, sai na ji bakina ya riga ni.

"Babu, mon kapitan."

Ya miƙo mini alƙalami na sa hannu.

Abin da na fi jin kunyarsa ba wannan ba ne. Da na koma gida Hajo ta tambaye ni, na ce mata an karɓa ana dubawa. Ta yi hamdala, ta ce in riƙe gwangwanin ko za su so su ƙirga da kansu, ta hau mota ta koma. Bayan wata biyu aka tura mota garinmu ta kwashe kabad ɗin magani da gadon haihuwa, aka sa kwaɗo a ƙofa. Wanda ya je kwasar kayan ya karanta wa maigari takardar a bainar jama'a har da sunan wanda ya sa hannu.

Ƙiyasin namu kuwa ko shekara bai yi ba ya rushe. Baɗi ba fata ba yanka, don ba sauran abin yankawa, nama ya koma na ranar Juma'a, harajin da muka yi alkawari bai shigo ba, kason lafiya ma aka ƙara datse shi. Ba wanda ya tuhume mu. Kowace lamba tana da takardarta, sai aka ɗora wa ruwan sama laifi, ni kuma aka ƙara mini girma. Shekaru da yawa bayan haka na haɗu da kapitan a wani taron suna a unguwar Dar es Salam, ya tsufa, ya yi tumbi, yanzu kam yana zama. Ban san abin da ya kai ni ba na ba shi labarin gwangwanin. Ya ce don me ban ɗora shi a kan tebur ba, shi fa ɗan ƙauye ne, lambobinmu bai taɓa gane su ba, amma da ya ga aduwa da ya gane. Wata rana in yarda da shi, in ce ni na kashe wurin da tsorona. Wata rana in tuna kan da aka aske, in ce tsoho mai tumbi ne yake magana da bakin saurayin da ba shi ba ne. Har yanzu ban tsaya a kan ɗaya ba.

Amma ku koma baya tare da ni, don ba a kan kapitan zan ƙare ba. Damina ta biyu bayan rufe gidan likitan, ruwa ya sauka, mutanen garinmu suka dawo gida, cikinsu har da Zainabu, ƴar Hajo ta fari, da tsohon ciki. Naƙuda ta zo mata da gardama. Hajo ta san abin da ake bukata, ta sha yin sa tare da majo, kuma a da yana cikin kabad ɗin nan. Aka ɗora Zainabu a amalanken jaki aka nufi gidan likitan da aka haɗe mu da shi, tafiyar yini guda, hanya duk taɓo. Ba su kai rabi ba.

Na je gaisuwa, Hajo ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowa. Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa zagina ba, ta dai daina kirana Auta, kuma daga ranar magana tsakaninmu ba ta wuce ina kwana ba har ta koma ga Allah. Bayan na dawo Yamai da mako guda direban nan ɗan garinmu ya zo biro ya same ni a teburina. Ya ajiye mini wani ɗan tsumma ƙulle, ya ƙi zama. Na kwance na ga ƙwallon aduwa biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙarami.

"Ta ce ka ƙara ga lissahi," in ji shi.

Gwangwanin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, wanda nake hana ku taɓawa kuna yara kuka ɗauka kuɗi ne. Kayen ma yana ciki da shafukansa huɗu. In na mutu ku kai wa ƴaƴan Hajo, nasu ne. A ranar na buɗe shi na zuba biyun na rufe, ban taɓa ƙirga abin da ke ciki ba, ba kuma zan ƙirga ba. Na yi aikin ƙiyasi har na tsufa, an buga lambobina a littattafai, an karanta su a rediyo, amma duk cikinsu wannan kaɗai zan iya rantsuwa a kai. Gwangwanin Yaya Hajo ya ƙaru da biyu.